Kare Ne, Dila Ne, Ko Kyarkeci? Namun Dajin Birnin Gwari Da Ba Mu Gama Sani Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikaci a sashen kula da gandun daji, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya.



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni. Tsayuwa gaban malaman da suka koya wa mutum riƙon alƙalami, a ce wai shi ne zai yi bayani su saurara, ba ƙaramin nauyi ba ne. Saboda haka duk abin da na faɗa daidai, ladan naku ne.

Da aka ga kan jawabina a takardar gayyata, wasu abokan ajinmu sun yi mini ba'a, suka ce duk matsalolin da ke damun Birnin Gwari ban ga abin da zan yi magana a kai ba sai karnukan daji. Ina roƙonsu su ba ni aron kunnuwansu na ɗan lokaci. Wannan batu ya shafi abubuwa uku da kowa ya damu da su, wato lafiyar 'ya'yanmu, da dukiyar makiyayanmu, da kuma gadon da kakanni suka bar mana a cikin wannan daji.

Dajin da muke magana a kai

Sanin kowa ne cewa tun shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari. A watan Mayu na 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun namun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Ya haɗa iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, kuma kogin Mariga yana gefensa. Itatuwansa su ne doka, maje, kawo, baushe, taura, ƙirya, kaɗe da ɗorawa. An san shi da giwa, gwanki, kanki, gadu, gada, jan biri da kura. Waɗanda suka je yawon buɗe ido a zamanin da hanya ke da lafiya za su tuna Dogon Ruwa da Goron Dutse.

Shekaru fiye da goma na ta'asar 'yan bindiga sun raba mu da wannan daji. Masu bincike sun daina shiga, ƙauyuka da yawa sun tashi, gonaki sun koma saura. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin nan, mutane suka fara komawa gonakinsu. Tun daga lokacin muke samun labarai a ofis, daga wajajen Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da sauransu, cewa an ga wata dabba mai kama da kare wadda ba kare ba ce. Wani ya ce ta fi kare tsawon ƙafa. Wani ya ce ba ta da gashi ko ɗaya. Wani ya ce kare ne ya barbari kura aka haife ta. Wani kuma ya ce ai ba dabba ba ce, maye ne ya rikiɗa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Aikina a yau shi ne in ɗan haska fitila.

Matsalar suna

Rikicin ya fara ne tun daga harshenmu. Kalmar kyarkeci, a bakin tsofaffin maharba, tana nufin wata dabba mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da ruwan ƙasa, mai manyan kunnuwa zagayayyu, wadda ke farauta ƙungiya-ƙungiya. Amma malamanmu na tafsiri da wannan kalma suke fassara sunan dabbar da 'yan uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, suka ɗora wa laifi. Haka nan masu fassara littattafan Turawa da ita suke kiran wata dabba mai ruwan toka ta ƙasashen Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Ke nan suna ɗaya, dabbobi daban-daban. Kyarkecin Turai shi ne asalin karen gida, kuma babu shi a dajin Nijeriya ko kaɗan. Haka kalmar dila: muna kiran dabbobi biyu da ita, alhali a wajen masana nisan da ke tsakaninsu ya fi nisan da ke tsakanin kare da kyarkecin Turai.

Saboda haka bari in jera muku waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda alƙali ke kiran masu ƙara.

Na farko, kyarkecin dawa

Shi ne wanda masana ke kira Lycaon pictus. Nauyinsa yakan kai kilo 18 zuwa 36. Ƙarshen wutsiyarsa fari ne, kuma babu biyu da ke da zane iri ɗaya a jiki. Ƙafarsa ta gaba yatsu huɗu gare ta, ba ta da ɗan ƙaramin yatsan nan na biyar da ke rataye a ƙafar karen gida. Ba ya haushi irin na kare. Idan suna shirin farauta sukan yi wani ƙara siriri kamar na tsuntsaye, kuma da safe ko da yamma suke fita, a idon kowa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, masanin nan ɗan ƙasar Holan, Temminck, wanda ya fara bayyana shi a rubuce a 1820, ɗauka ya yi wata irin kura ce. Idan masani ya ruɗe, ina ga manomin da ya hangi dabba da magariba?

Tun 1990 aka sa kyarkecin dawa cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ƙiyasin ƙungiyar kare halittu ta duniya ya nuna saura kimanin 6,600 a duk Afirka, mafi yawansu a kudanci da gabashin nahiyar. A Afirka ta Yamma, wurin da aka fi tabbatar da su shi ne gandun Niokolo-Koba na ƙasar Sanagal. Garke ɗaya yana buƙatar daji mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, ke nan Kamuku kaf ɗinsa garke ƙalilan zai iya ɗauka. Masana da yawa sun fid da rai da shi a Nijeriya. Saboda haka duk wanda ya kawo tabbataccen hoton kyarkecin dawa daga Kamuku ko Kuyambana, to ya kawo labarin da duniya za ta ji.

Na biyu da na uku, diloli

Akwai dila mai zane a gefen ciki, wanda ya fi son daji mai itatuwa da danshi irin namu. Shi ma ƙarshen wutsiyarsa fari ne, nauyinsa yakan kama kilo 7 zuwa 14. Abincinsa ɓeraye, ƙwari, 'ya'yan itace da mushe, kuma da dare yake yawo, shi kaɗai ko shi da matarsa. Ɓarnarsa ga dabbobin gida kaɗan ce, amfaninsa ga manomi wajen rage ɓera kuwa mai yawa ne.

Sai ɗaya dilan, mai ruwan ƙasa-ƙasa da baƙin ƙarshen wutsiya, wanda ya fi yawa a fili mai ƙarancin itace, kamar ƙasar Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Wannan shi ne malamin daji na tatsuniyoyinmu, mai wayon da kura ba ta taɓa kamo shi ba. To ashe wayonsa bai tsaya kan kura ba, har masana ya yi wa. Shekara da shekaru littattafan ilmin halittu, har da waɗanda muka karanta a jami'a, suna cewa shi da dilan Indiya da Gabas ta Tsakiya jinsi ɗaya ne. A 2011 wasu masana daga Nowe da Ingila da Habasha suka gwada ƙwayoyin halittar wasu diloli na tsaunukan Habasha, suka ga sun fi kusa da kyarkecin Turai. A 2012 aka sami irin wannan sakamako a Aljeriya da Mali da Sanagal. A 2015 wani masani mai suna Klaus-Peter Koepfli da abokan aikinsa suka kammala hujja cewa wannan dila jinsi ne mai zaman kansa, zuriyarsa ta rabu da ta kyarkecin Turai kimanin shekara miliyan 1.3 da suka wuce. Yanzu sunansa a littattafai Canis lupaster, wato kyarkecin Afirka mai ruwan zinariya. Larabawan Masar da Magrib kuwa tun tuni da sunan kyarkeci suke kiransa.

Jama'a, ku lura da darasin da ke nan. Sabon jinsi bai fito daga wani ƙurmi mai duhu ba. Yana nan bayan gari yana satar kaji, kowa na ganinsa, babu wanda ya tsaya ya dube shi da kyau. Yayin da ake sare dajinmu ana yin gawayi, fili yana ƙaruwa, kuma fili shi ne gidan wannan dabba. Ya kamata a bincika ko wasu daga cikin baƙin da manoma ke gani shi ne ya gangaro daga arewa.

Na huɗu, kura da sayaki

Ko da yake sun yi kama da kare, kura da sayaki ba dangin kare ba ne. A wajen masana sun fi kusa da kyanwa da tunku. Saboda haka maganar cewa kare ya barbari kura ba ta da tushe, kamar a ce akuya ta haihu da jaki ne. Alamar kura a fili take: gabanta ya fi bayanta tsawo, sawun ƙafar gaba ya fi na baya girma, kashinta kuma idan ya bushe fari fat yake zama saboda ƙashin da take ci. Sai yanyawa, wadda ita dangin kare ce, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi kyanwa girma ba, kuma ƙasa mai rairayi ta fi so.

Na biyar, karenmu na gida

Wannan shi ne babban wanda nake zargi. Duk ƙauyen da ya tashi cikin firgici, kare ba ya cikin kayan da ake ɗauka. Haka rugagen da suka watse. Karnukan da aka bari sukan koma daji, su hayayyafa, su haɗa garke. Cikin kare kwana 63 ne kacal, saboda haka cikin shekara goma an sami zuriya bayan zuriya da ba su taɓa cin tuwon mutum ba. Irin wannan kare ya fi kowane dila haɗari, domin ya gaji rashin tsoron mutum daga iyayensa, ya kuma koyi farauta a daji. Bugu da ƙari, a manyan garuruwa irin su Kaduna mutane suna kiwon manyan karnukan Turai, irin na 'yan sanda. Idan suka haɗu da namu na gida sukan haifi 'ya'ya masu tsawon ƙafa da tsayayyun kunnuwa, waɗanda duk wanda ya gani da dare zai rantse kyarkeci ne.

Game da dabbar da ba ta da gashi, an taɓa aiko mana da hoton wata ta waya, wadda aka kashe a bakin wata gona. Fatarta baƙa ce mai kauri, ta yi yaushi, haƙarƙari a waje, haƙora sun yi gatso-gatso. Mutanen wurin sun ƙi taɓa ta. Wani likitan dabbobi da muka nuna wa bai ɗauki minti biyu ba ya ce kare ne mai ƙazwa. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani take shiga ƙarƙashin fata, gashi ya zube, dabba ta rame, ta kasa farauta, yunwa ta koro ta cikin gari. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa ruɗawa ba. A 2007 a garin Cuero na Jihar Texas ta Amurka an tsinci irin wannan gawa, jaridu suka yi ta yayata cewa an kama dodo mai shan jinin awaki. Da aka yi gwaji a jami'a, sai ga shi ashe wani ɗan uwan dila ne na can ƙasar wanda gashinsa ya zube.

Maganar ruwa-biyu

To shin kare yana iya haihuwa da namun daji? Amsa ita ce, da wasu yana iyawa, da wasu ba ya iyawa. Da kyarkecin dawa mai dabbare-dabbare ba ya yi, domin zuriyarsu ta yi nisa. Da kyarkecin Turai kuwa yana yi, 'ya'yan kuma su ma suna haihuwa. A 1955 a ƙasar Cekosulobakiya da gangan aka haɗa karen 'yan sanda da kyarkeci don a samar wa masu gadin iyaka kare mai juriya. Wani bincike na 2009 ya nuna cewa baƙin gashin da ake gani a jikin wasu kyarketan Amurka ta Arewa daga karen gida suka gaje shi. A nan Afirka, an tabbatar a 1994 cewa karnuka sun barbari jan kyarkecin tsaunukan Bale na Habasha, wanda yawansa bai kai 500 ba a duniya. A 2020 kuma aka sami shaidar jinin kare a jikin kyarkecin nan mai ruwan zinariya a Sanagal da Habasha. Shi kansa ma, a binciken 2018, an gano ruwa-biyu ne na tun zamanin da: kashi 72 cikin 100 na gadonsa daga kyarkecin Turai, kashi 28 daga na Habasha.

Ke nan ruwa-biyu tsakanin kare da dila mai baƙar wutsiya abu ne mai yiwuwa a ƙasar Hausa. Amma ido ba ya yanke wannan hukunci, sai gwajin ƙwayoyin halitta.

Ko akwai sabon jinsi?

Ƙofar ba a rufe take ba. Sai a 1901 masana suka san dabbar okapi ta ƙurmin Kwango, ga ta kuwa da girman jaki. A nan gida Nijeriya, sai a 1993 suka san wani jan biri na yankin Neja Dalta, alhali masunta na wurin sun san shi tun kaka da kakanni. Amma kafin a yarda da sabon jinsi dole a kawo shaida: ƙoƙon kai, fata, gashi ko kashi, a gwada, a kwatanta da waɗanda aka adana a gidajen tarihi, a wallafa sakamako wasu masana su tantance. Tsakanin 1764 da 1767 wata dabba ta kashe mutane kusan 100 a yankin Gevaudan na Faransa, har Sarki Luwis na 15 ya tura maharbansa. An kashe dabbar, amma ba a adana gawar yadda na baya za su bincika ba. Shekara fiye da 250 ke nan ana gardama, wasu su ce kyarkeci ce, wasu su ce ruwa-biyu, wasu su ce kura ce ta tsere daga hannun mai ita. Gani ya kori ji, amma ganin da aka adana.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu

Na farko, haukar kare. Wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, yara kuma suna da kaso mai yawa. Kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Dabbar daji da ta shigo gari da rana tsaka, ba ta tsoron kowa, tana dalalar da miyau ko tana tangaɗi, kada a tsaya gardamar sunanta, a janye yara. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a fara allura a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru. Idan an kashe dabbar, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi su ɗauki kan, domin ana gwada shi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Kada a feɗe ta da hannu. Cutar ba ta bar namun daji ba: ita da wata cutar karnuka ake dangantawa da ɓacewar kyarketan dawa daga filin Serengeti na Tanzaniya a 1991.

Na biyu, guba. Idan an kashe wa makiyayi tunkiya, zafin rai yakan sa ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen. Karen da ya yi ɓarnar wataƙila ya yi gaba. Waɗanda za su ci su mutu su ne dila da kura da ungulu. Ungulun da muka saba gani a mahauta tun muna yara, a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Inda ungulu ta ƙare mushe yakan yawaita, inda mushe ya yawaita karnukan daji sukan ƙaru, cuta ta bi bayansu. Sanin mai laifi na gaskiya shi ne farkon maganin ɓarna.

Abin da za a yi idan an ga baƙuwar dabba

A lura da ƙarshen wutsiya, fari ne ko baƙi, kuma a sama take ɗauke ko a ƙasa, domin kare ne ke naɗe wutsiya sama. A dubi kunnuwa, zagayayyu ne ko masu tsini. A ƙirga su nawa ne, a riƙe lokaci da wuri. Idan sawu aka gani, a ajiye ashana ko biro a gefensa kafin a ɗauki hoto, don a san girmansa. Sawun dangin kare yana nuna farce, na dangin kyanwa ba ya nunawa. Kare yakan yi tafiya yana kauce-kauce, na daji kuwa yakan miƙe sak. Idan gawa ce aka tsinta a hanya, a ɗauki hoton kai da haƙora da ƙafar gaba ba tare da an taɓa da hannu ba, a sanar da ma'aikatan gandu. Babu buƙatar a kashe dabba don a san ta, kuma doka ta haramta farauta a cikin gandun ƙasa. Sama da kome, kada kowa ya kutsa daji saboda wannan jawabi nawa. Rai ya fi hoto.

Roƙona ga Ƙungiya

Ina da buƙatu uku. Na ɗaya, mu tura ɗalibai tare da malamin Hausa da na ilmin halittu su zauna da tsofaffin maharba, Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, su naɗi sunayen waɗannan dabbobi da siffofinsu da wurin da aka yi musu ganin ƙarshe. Dattawan nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Na biyu, mu haɗa hannu da hukumar lafiyar dabbobi da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a riƙa yi wa karnukan gari allura kowace ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukar kare ta duniya. Masana sun nuna cewa idan an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura, cutar takan daina yaɗuwa. Na uku, mu saya wa makaranta 'yan kyamarorin nan da ake ɗaurawa a itace, masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta, a kafa su a gonakin da ke kusa da gari bisa shawarar jami'an tsaro da ma'aikatan gandu.

Ƙannena ɗalibai, dilan da ya zauna a ƙofar masana kusan shekara 200 ba su gane shi ba ya isa ya nuna muku cewa aiki bai ƙare ba. Ba dole ne kullum sai baƙo ya zo daga wata ƙasa ya gaya mana abin da ke bayan gidanmu ba. Ina fata wata rana ɗan wannan makaranta ne zai rubuta cikakken jerin namun dajin Kamuku, da sunayensu na Hausa da na Gwari da na Kamuku da Fulatanci.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.